Sawako ko Sadako: Yadda Suna Ke Auna Girman Zuciya a Labarin Zane na Japan

Assalamu alaikum. Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama. Na ga wasunku sun yi murmushi da aka ce laccar yau a kan littafin zane ne na 'yan matan sakandare. Ku ɗan yi mini haƙuri, in mun gama sai ku yanke hukunci.

Japanawa suna kiran labaran zanensu manga, wanda ake yi domin 'yan mata kuwa shojo. Daga dama ake karanta shi zuwa hagu, don haka wanda ya saba da ajami ba zai sha wahala ba. Wanda na zaɓa shi ne Kimi ni Todoke, na wata mai zane Karuho Shiina. Ma'anar sunan kusan "ya isa gare ka" ce, wato fatan abin da ke zuciya ya kai ga wanda ake nufi. Ya riƙa fita kashi-kashi a mujallar Bessatsu Margaret har zuwa 2017, aka tara shi littafi 30, kuma ya ci kyautar manga ta Kodansha, wani kamfanin buga littattafai na Japan, a 2008.

Yarinyar da labarin yake a kanta sunanta Sawako Kuronuma. Doguwar baƙar suma gare ta, ga ta fara sol, ga rashin magana. Sai 'yan ajinsu suka laƙaba mata Sadako, sunan fatalwar nan ta fim ɗin tsoro na 1998 mai fitowa daga talabijin gashi ya rufe mata fuska. Har ana raɗe-raɗin wanda ya haɗa ido da ita na daƙiƙa uku wani abu zai same shi. Ku duba fa, tsakanin Sawako da Sadako gaɓa ɗaya ce tak ta bambanta. A kan wannan gaɓa ɗaya marubuciyar ta ɗora labarin gaba ɗaya.

A rubutun Japananci akwai haruffa masu ɗauke da ma'ana, kuma harafin farko na sunanta na gaskiya yana nufin abu mai daɗin shaƙa, irin iskar safiya. Sunan gidansu kuma, Kuronuma, baƙar fadama ne. Yaron da kowa ke so a ajin sunansa Shota Kazehaya, kuma a cikin Kazehaya akwai iska mai sauri. Iska ta zo ta kaɗa ruwan da ya daɗe a kwance, ke nan. Tun farkon labarin, da ta yabe shi da cewa shi mutum ne mai sa rai ya yi sanyi, sai ya nuna mata ai ma'anar sunanta ke nan. Yarinyar da aka shekara da shekaru ana kira da sunan fatalwa, yau ga wanda ya san sunanta har da ma'anarsa.

A nan nake so mu daɗe kaɗan. A Japan ɗalibai da sunan gida suke kiran juna. Kiran mutum da sunansa na yanka sai an shaƙu, kuma ranar da hakan ta fara faruwa rana ce da ake tunawa. Mu ba baƙi ba ne a wannan. Mun san matar da ba ta faɗin sunan mijinta, mun san uwar da ke kunyar sunan ɗan fari. Bambancin shi ne, a wurinmu kusanci ne ke sa a ɓoye suna, a wurinsu kusanci ne ke buɗe shi. To sai ku bi bakin ƙawayenta biyu, Chizuru da Ayane. Da Sadako suka fara, kamar kowa. Sai aka baza musu ƙage a makaranta, aka ce daga bakin Sawako ya fito. Sawako, wadda magana ke yi wa nauyi, ta tsaya a banɗakin 'yan mata gaban masu yaɗa zancen, ta ƙi matsawa sai sun janye abin da suka faɗa a kan ƙawayenta. Bayan wannan ne sunan Sawako ya fara zama a bakinsu. Shi kuwa Kazehaya, Kuronuma ya yi ta kiranta har aka yi nisa ƙwarai, don shi ma kunya ta hana shi.

Abin da ya fi burge ni, ba a gyara ta ba. Kun san yadda aka saba: a ɗauko yarinyar da aka raina, a canza mata kitso da kaya, kowa ya buɗe baki. A nan sumar nan tana nan yadda take. Abin da ya canza shi ne ta koyi faɗin abin da ke ranta, su kuma suka koyi saurare. Mai zanen tana yi mata fuska iri biyu: in ta idon masu tsoronta ake kallo, sai a dusashe shafin da inuwa, in ta idon wanda ya san ta ne, shafin ya yi fari tas, wasu 'yan ƙwallayen haske suna yawo a bayanta.

Wannan dabara ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Tun shekarun 1970 wasu mata masu zane, irin su Moto Hagio da Keiko Takemiya, suka fara karya layukan da ke raba hoto da hoto, suna barin tunanin zuci yana yawo a fili ba a cikin da'irar da ake rubuta maganar mutum a ciki ba, suna cika bayan mutum da furanni. Furen ba ya cikin ɗakin, a zuciyar mai kallo yake. Shi ya sa wanda bai saba ba yake cewa babu abin da ke faruwa a shafin.

Makaranta ma kanta ma'auni ce. Shekarar karatu a Japan a watan Afrilu take farawa, lokacin furen wata bishiya da suke kira sakura, wanda bai fi mako biyu ba ya kaɗe. Sakandaren sama shekara uku ce, mai karatu ya san lokaci ƙidayayye ne. Akwai ƙuri'ar canjin wurin zama, inda kowa ke addu'ar kada ya faɗa kusa da Sawako, sai ga Kazehaya da ƙawayen nan biyu sun nemi kujerun da kansu. Tazarar benci ta zama tazarar zuciya.

Sai ranar 14 ga Fabrairu, da 'yan mata ke ba maza cakulan. Iri biyu ne, akwai na sauke nauyi, akwai na so. Sawako ta raba wa mutane nasu, ta kasa miƙa wa Kazehaya nasa, domin ta gane nasa ba na sauke nauyi ba ne. Shi kuma ya ɗauka an tsallake shi. Gaskiya a nan labarin ya ja ni har na ƙosa. Rashin fahimtar ya yi tsawo, kusan littafi goma kafin su faɗa wa juna gaskiya, kuma ina ganin an yi jan da ya wuce buƙata. Amma kashin cakulan ɗin ba ni da ta cewa a kansa. A da tsoron mutane ke rufe mata baki, yanzu kuwa sanin abin da take ji ne ya rufe shi. Shiru ne duka biyun, amma ba iri ɗaya ba.

Na ga ana nuna mini agogo. Malama a can baya ta ɗaga hannu tun ɗazu, a miƙa mata abin magana. Bismillah, Malama.