Ina sauran giga ɗin memorina suka shiga?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka.

Ku dubi wannan memori da ke hannuna. 64GB aka rubuta a jikinsa, sabo fil, yanzun nan na ɓare shi daga kwali. Amma da na zura shi a kwamfuta mai Windows, sai ta ce min 59 da ɗoriya ne. Giga huɗu da wani abu sun yi ɓatan dabo, alhali ko hoto ɗaya ban saka ba. Wani da ya ga haka, sai ya koma shago yana kumfar baki. A'a malam, zauna tukuna, mai shago bai ci maka komai ba. Mudu biyu ake awo da su, kuma suna ɗaya suke amsawa.

Mu faro daga tushe. Kwamfuta ba ta san harafi ba, ba ta san hoto ba. Abin da ta sani biyu ne kacal: wuta a kunne, ko wuta a kashe, wato 1 ko 0. Kowane ɗaya daga cikinsu shi ake kira bit. Idan aka jera bit takwas, an samu bayit ɗaya, sunan da wani injiniyan kamfanin kwamfuta na IBM, Werner Buchholz, ya raɗa a 1956. Harafin boko irin a ko b bayit ɗaya yake ci.

Namu haruffan masu lanƙwasa kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, bibbiyu suke ci a tsarin UTF-8 da yawancin intanet ke aiki da shi. Wanda ya saba tura tes ya taɓa gamuwa da makamancin wannan. Saƙon tes ɗaya bayit 140 yake ɗauka, ana cusa haruffa 160 a ciki. Da zarar ka saka ƙ guda ɗaya, wayar ta sauya tsari, sai saƙon ya koma haruffa 70, ka ga an caje ka kuɗin shafi biyu ko uku.

To, daga bayit sai hawa tsani: kilobayit, megabayit, gigabayit, terabayit. A nan rigimar take. Kowa ya san kilo dubu ne. Kilon nama giram 1,000 ne, kilomita mita 1,000. Masu ƙera memori da filashi da hadis (hard disk) ɗin kwamfuta a kan wannan suka tsaya. A wurinsu giga ɗaya bayit biliyan ɗaya ne cif.

Ita kuwa kwamfuta da bibbiyu take ninkawa: 2, 4, 8, 16, 32, 64, har ta kai 512, daga nan sai 1,024. Babu dubu cif a hanyarta. Masana na farko suka ga ai 1,024 da 1,000 kusan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, sai suka ara masa sunan kilo. A lokacin ba wanda ya damu, don bambancin kashi 2.4 ne cikin ɗari. Sai dai kowane mataki da aka hau, giɓin ƙara buɗewa yake. A mega ya kusa kashi biyar, a giga ya wuce bakwai, a tera ya kusa goma.

Yanzu ɗauko kalkuletar wayarka mu yi tare. Rubuta 64 da sifili tara. Wannan shi ne yawan bayit da kamfani ya sayar maka. Raba da 1,024, ka samu kilo. Sake rabawa da 1,024, ka samu mega. Raba na uku. Me ya fito? 59.6. Shi ne abin da Windows ta nuna. Hatsin nan dai shi ne, ko ƙwaya ba ta zube ba, mudun da aka sake aunawa da shi ne ya fi girma. Da wannan lissafin 32 ke zama 29.8, 128 ya zama 119, tera ɗaya kuma ya koma giga 931.

Ƙa'idar dai ba wuya: daga ƙarami zuwa babba rabawa ake, daga babba zuwa ƙarami ninkawa. Abin da za ka tambaya kawai shi ne, da wane mudu? Idan ka sayi data giga ɗaya, ka duba ka ga an rubuta 1,024MB, da mudun kwamfuta aka auna maka.

An yi yunƙurin raba gardamar. A 1998 hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya, ta ce na 1,024 a riƙa kiransu kibi, mebi, gibi, a rubuta KiB, MiB, GiB, a bar wa dubu sunansa. Shawara mai kyau, amma ni dai ban taɓa jin wanda ya shiga kasuwar waya ya ce a ba shi memori mai gibi sittin ba. Apple ya koma lissafin dubu a kwamfutocinsa tun 2009, Windows kuwa tana nan tana auna gibi tana rubuta GB.

Saura tarko ɗaya, kuma shi ya fi kama mutane: babban B da ƙaramin b. Babban B bayit ne, ƙaramin b bit. Girman fayil da babba ake rubuta shi, gudun intanet kuma da ƙarami. Idan aka ce layinka na gudun 40Mbps, wato megabit 40 a daƙiƙa, raba da takwas: megabayit 5 ke nan a daƙiƙa. Fim mai giga ɗaya zai ɗauki daƙiƙa 200, minti uku da 'yan kai, in sabis bai yi gardama ba. Idan gudun 8Mbps ne, sai ka jira kusan minti 17.

A waya kuwa akwai ƙarin dalilin da ke sa giga su ragu. Manhajar Android ko iOS da sauran manhajojin da suka zo da wayar sun riga sun kama nasu ɗakin kafin ka kunna ta.

Memorin jabu daban yake. Babbar lamba zai nuna maka, alhali wataƙila cikinsa bai wuce giga takwas ba. Ka yi ta tura fina-finai yana karɓa, sai ka zo kallo ka tarar sun ƙi buɗewa. In kana shakka, cika shi maƙil da bidiyo ranar da ka saya, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe ka gani, tun rasit yana aljihunka.