Makullin Dikoda: Abin da Yake Tarewa da Abin da Yake Bari Ya Wuce

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

A nan Jos aka fara watsa talabijin mai launi a Nijeriya, a tashar tsohuwar jihar Binuwai-Filato, tsakiyar shekarun 1970. Ku tambayi waɗanda suka tashi a lokacin. Iyaye ba su da aikin gadi: tasha ɗaya ce, sai da yamma take buɗewa, dare na yi a sa taken ƙasa a rufe, kowa ya nufi shimfiɗarsa. A Jos ɗin dai aka ƙaddamar da talabijin na dijital a Afrilun 2016, Abuja ta biyo baya a Disamba. Yau gida a Unguwar Rogo ko Bukuru, in dai akwai dish a kan rufi, tashoshi ne birjik, ba dare ba rana. Aikin tacewa ya dawo kan mai riƙe da rimot.

To, da me za a yi tacewar?

Ku lura da 'yar alamar da ke fitowa a kusurwar allo in fim zai fara. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa wa finafinai alama gwargwadon shekaru. G na kowa ne. PG na nufin a kalla tare da babba. Sai 12, 15 da 18. Tashoshin DStv da GOtv kuma za ku ga 13, 16 da 18. Ba ado ba ne. Dikodar tana karanta wannan lamba, kuma da ita makullin yake aiki.

Ku shiga saitin dikoda, ku nemi inda aka rubuta Parental Control. Za ta nemi lambar sirri guda huɗu. Kuna iya cewa duk shirin da ya wuce 13 kada ya buɗe sai da lamba, kuna kuma iya kulle tasha sukutum. Amma fa ku canza lambar. Wadda dikoda take zuwa da ita daga kamfani yawanci 1234 ce ko 0000, kuma yaron da ke aji huɗu na firamare ya riga ku sani. Kada kuma a sa shekarar haihuwar Baba, ita zai gwada ta biyu.

Masu dish na kyauta, wanda ba a biyan kuɗin wata, naku ya ɗan bambanta. Yawancin tashoshin daga ƙasashen waje suke zuwa, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin na Nijeriya ba ta da iko a kansu, kuma ba lallai su turo wa dikoda lambar shekaru ba. Dole sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an kulle ko an goge. Duk ranar da mai gyara ya zo ya sake lalubo tashoshi, a sake dubawa, domin waɗanda aka goge sukan dawo.

Yanzu ga inda maganar take. Makulli yana tare abin da yaro zai kunna shi kaɗai ne. Amma ku ƙirga da gaskiya, nawa ne daga cikin abin da yaranmu ke gani su suka kunna da hannunsu? An kawo wuta bayan isha'i, sanyin Jos ya kora kowa falo, Mama ta sa fassarar fim ɗin Indiya, ko yaya ya sa na faɗa, ko Baba yana kallon labarai ana nuna gawarwaki. Babba ne ya danna lambar da kansa. Yaro yana kwance a kan kafet, an ɗauka barci yake, alhali idonsa biyu. Da safe ka ji wata kalma a bakinsa ka ce a makaranta ya ɗauko. A falonka ya ɗauko, Malam.

Kuma kada zanen katun ya ruɗe mu. Akwai katun da don manya aka yi shi, da zagi da batsa a ciki. Ku zauna ku kalli kashi ɗaya tare da yaron kafin ku sakar masa.

Ga maƙwabta, ga gidan kallon ƙwallo, ga waya. Da yawa an kashe wa yaro talabijin an miƙa masa waya don ya yi shiru, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. A talabijin aƙalla kowa na ganin abin da ake kallo. In dole sai wayar, akwai YouTube Kids, wato YouTube na yara, akwai kuma manhajar Family Link ta Google da ke ƙayyade lokaci.

Batun lokaci kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ga waɗanda suka fi haka girma, ni dai a ganina dokar da aka faɗa tun da rana ta fi wadda ake yankewa cikin fushi: sai an dawo daga Islamiyya ko darasin yamma, sai an gama aikin gida, ƙarfe kaza a kashe. Talabijin ta zauna a falo, ba a ɗakin yara ba. In kuma aka hana wani shiri, a faɗa wa yaro dalili, ko da a jimla ɗaya ne, domin wanda aka ce wa “don na ce” kawai, gidan su abokinsa zai je ya ƙarasa kallon.

Shirin da ku manya ba za ku iya bari ba, ku nemi lokacin maimaicinsa, ko ku jira sai yara sun shiga ɗaki. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.