Geji ya nuna sifili, to ina iskar tayar ta tafi?

Ga taya nan ta sace, ta kwanta a ƙasa. Mun ɗora mata geji, allura ko motsi ba ta yi ba, tana kan sifili. Wato babu iska ke nan a cikinta?

Akwai, cike ma take. Iskar ciki da ta waje ne suka yi kunnen doki, babu mai ture wata. Shi geji ba ya faɗin duk matsin da ke cikin taya, ratar da ke tsakanin ciki da waje kawai yake faɗa. Kamar sikelin da aka ɗora wa kwano ne, aka murɗa allura ta koma sifili kafin a zuba kaya. Kwanon yana da nauyinsa, ɓoye shi aka yi.

Kwanon a nan shi ne iskar da ta lulluɓe duniya. Tana da nauyi, kuma tana danne mu dare da rana. A bakin teku, matsinta ya kai kilofaskal 101.3, wato psi 14.7 (kilofaskal da psi duk ma'aunan matsi ne). Idan kuna son ku ji shi a jikinku, ku dubi farcen babban yatsanku: kusan nauyin kilo ɗaya ne a kan ɗan wurin nan. Ba ma jin komai saboda a ciki aka haife mu, kuma jikinmu yana turawa daga ciki daidai gwargwado.

Wanda ya fara auna wannan nauyi shi ne Evangelista Torricelli, mutumin Italiya, a 1643. Ya cika bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi a cikin tasa mai zaiba. Zaibar ta sauko, ta tsaya a tsayin kusan milimita 760, ta ƙi ƙarasawa, domin iskar waje ta tokare ta. Ku lura da ɗan sararin da ya rage a saman bututun. Babu iska a wurin. Can ne sifili na gaskiya yake, kuma matsin da aka ƙirgo daga can shi ake kira cikakken matsi.

Lissafin bai taka kara ya karya ba. Matsin geji, a tara da matsin iskar waje, shi ne cikakken matsi.

Mu gwada. An ba taya iska, geji ya nuna kilofaskal 220. Mu ƙara 101. Cikakken matsi ya zama 321. Idan gejinku na psi ne kuma ya nuna 32, ku ƙara 14.7, ku samu 46.7. Amma a kula, kada a tara psi da kilofaskal a wuri ɗaya. Nan ɗalibai suka fi zubar da maki, ba a tarawar ba. Injiniyoyi kan rubuta psig idan na geji ne, psia idan cikakke ne, don kada a yi kitso da ƙwarƙwata.

Wani zai ce, tunda taya ta ɗauki mota, mene ne na wahalar da kai? Gaskiya ne, mai faci ba ya bukatar wannan lissafi, gejinsa ya ishe shi. Amma ranar da kuka zo lissafin yadda iska ke takurewa ko buɗewa, na geji zai yaudare ku.

Ga mai nutso a teku riƙe da balan-balan. Duk mita 10 da ya nutsa, ruwa yana ƙara masa kusan kwatankwacin matsin iskar duniya guda. A mita 10 geji zai ce ɗaya, a mita 20 ya ce biyu. Mai kallon geji zai ɗauka matsi ya ninka, don haka balan-balan ya ragu da rabi. Ina! Cikakken matsi daga biyu ya tashi zuwa uku. Balan-balan ɗin da ya koma rabin girmansa a mita 10, a mita 20 kashi ɗaya cikin uku zai koma. Iska ba ruwanta da inda muka ajiye sifilinmu.

Haka kuma idan geji ya nuna ƙasa da sifili, kamar a injin zuƙe iska. Ya ce 60 ƙasa da sifili? Cire 60 daga 101, saura 41. Akwai sauran iska a ciki. Kuma a bakin teku, duk ƙarfin injin ba zai sa allura ta wuce 101.3 ƙasa da sifili ba, don babu sauran abin zuƙa.

Saura abu ɗaya: 101 ɗin nan ba a kafe yake ba. Yana ɗan motsawa da yanayi, yana kuma raguwa sosai idan aka hau tudu. A ƙololuwar dutsen Everest kusan kashi ɗaya cikin uku ne ya rage. Mu ɗauki tayarmu mai cikakken matsi 321, mu haura da ita tsayin mita 2,000, inda iskar waje take kusan 80. Idan zafinta bai sauya ba, cire 80 daga 321, geji zai nuna 241. A ƙasa 220 ya nuna, kuma ba wanda ya taɓa famfo a hanya.