Kafin a Haƙa Sokawe a Ƙauye: Yadda Ake Duba Ƙasa da Ruwan Ƙarƙashinta

Assalamu alaikum masu kallonmu. Mutane da yawa sun ɗauka cewa tankin siminti da ake ginawa a bayan gida shi ne yake tsabtace ƙazanta, alhali kuwa aikinsa bai wuce ya tara ta, ya bar mai nauyi ta kwanta a ƙasa, ruwan da ke sama ya gangara zuwa ramin sokawe ba. Ruwan nan yana fita ne ɗauke da ƙwayoyin cutar kwalara da taifot, kuma ƙasar da yake ratsawa ita ce take tace shi kafin ya isa ga ruwan da rijiyoyin gari suke sha. Saboda haka tun kafin a kira birkila, ƙasar ya kamata a fara dubawa.

Ku dubi wannan dunƙulen ƙasa da aka ɗebo daga cikin rami. An ɗan jiƙa shi, ana murza shi tsakanin babban yatsa da manuniya. Idan ya wargaje yana ƙaras-ƙaras, rairayi ne irin na jigawa, wanda ruwa yake wucewa ta cikinsa da sauri har ba ya samun damar tacewa. Idan kuwa ya yi santsi, ya miƙe kamar igiya bai karye ba, to yumɓu ne, wanda yake riƙe ruwa har ramin ya cika ya tumbatso cikin tsakar gida. Wadda ake so ita ce ta tsakani.

Hannu kaɗai ba ya wadatarwa, sai an gwada da ruwa. A daidai zurfin da ruwan sokawen zai riƙa fita, a haƙa ƙaramin rami mai faɗi da zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a bar shi ya kwana domin ƙasar ta sha ta ƙoshi kamar yadda take yi da damina. Washegari a sake cikawa, a kafa sanda mai alama, a riƙe agogo. Ƙa'idar da injiniyoyi da yawa suke bi ita ce, idan ruwan ya sauka santimita biyu da rabi cikin ƙasa da minti ɗaya, ƙasar ta cika saurin zurar da ruwa, idan kuma ya haura awa guda bai sauka haka ba, ta toshe. A yi gwajin a ramuka biyu ko uku, domin fili ɗaya yakan haɗa ƙasa iri biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ake yin wannan aiki. Yawancin gine-gine da rani ake yin su, lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa, sai mai gida ya leƙa rami ya gan shi a bushe ya saki jiki. Amma a ƙasarmu ruwan ƙasa yakan kai ƙololuwarsa ne a ƙarshen damina, wajen Agusta da Satumba, kuma a garuruwan fadama irin na yankin Haɗeja da Nguru yana iya tasowa dab da doron ƙasa. Ƙa'idar da ma'aikatan tsabtar muhalli suke aiki da ita ta ce a bar aƙalla mita ɗaya da rabi na busasshiyar ƙasa tsakanin gindin rami da inda ruwan ƙasa yake kaiwa idan ya cika. Wanda ya fi kowa sanin wannan iyaka shi ne mai haƙar rijiya na garin, sai a tambaye shi gaba nawa guga yake sauka a watan Satumba. Bangon ramin ma yana ba da shaida: inda kuka ga ƙasa ta koma ruwan toka da ɗigo-ɗigon ja kamar tsatsa, ruwa yana kwanciya a nan duk shekara, ko da yau a bushe take.

Sai batun tazara. Kada sokawe ya kusanci rijiya da ƙasa da mita 30, kuma ya kasance ta gangare, rijiyar tana tudu. Rijiyar maƙwabci ma tana cikin lissafi, domin ruwan ƙasa bai san katanga ba. Inda aka ci karo da marmara ko dutse mai tsagu, a ƙara nisa sosai, saboda ruwa yana bin tsagar ya yi tafiya mai tsawo ba tare da an tace shi ba.

Idan filin ya faɗi gwajin, ba a rasa mafita ba. Ana iya tayar da tudu na yashi da ƙasa mai kyau a shimfiɗa bututun da zai riƙa fitar da ruwan tankin a kansa, ko a gina masai mai tsayi wanda raminsa bai nutsa sosai ba, ko kuma a nemi wani gefen gidan a sake gwadawa daga farko.