Gidajen katakon San Faransisko: abin da wuta ta bari, hukuma ta rushe

Rabi: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau mun nufi Amurka, unguwar Alamo Square a birnin San Faransisko. Malam Sani, gidajen nan da ke jere a titin Steiner, masu fenti kala-kala, me ya haɗa su da Sarauniya Biktoriya? Ai ba a Ingila suke ba.

Sani: Zamaninta ne kawai, Hajiya. Ta yi sarauta daga 1837 zuwa 1901, sai salon ginin lokacin ya ɗauki sunanta. Waɗannan kuwa wani magini, Matthew Kavanaugh, ya gina su tsakanin 1892 da 1896, shi kansa yana zaune a na kusurwa, mai lamba 722.

Aminu: Ni abin da ke ba ni mamaki, Malam, tsukewarsu. Gida dogo siriri, kafaɗa da kafaɗa da na maƙwabci.

Sani: Filin ne ya jawo. Yawancin fulotan birnin faɗinsu ƙafa 25 ne. Tunda bango na jingine da bango, haske ba zai shigo ta gefe ba, ga gari mai hazo. Sai suka turo tagar gaba waje, suka yi mata fuska uku, ta kamo rana ta ko'ina. In ka tsaya a falon, za ka hango titi hagu da dama ba tare da ka leƙa ba. Wannan dabarar ita ta fi burge ni, ta fi adon.

Rabi: Haba Malam, adon nan fa? Sassaƙa a saman ƙofa, a ƙarƙashin rufi, a jikin ginshiƙai.

Sani: Kyau kam akwai. Amma inji ya yanka mafi yawansa. Katakon redwud ne daga dazukan Kalifoniya, mai laushin aiki, ba ya saurin ruɓewa. Magini ya duba littafin samfuri, ya zaɓa, a kawo masa, ya buga da ƙusa. Shi ya sa mai matsakaicin hali ma ya samu gida mai ado.

Rabi: To gidan katako, ya aka yi ya tsira a 1906?

Aminu: Ranar 18 ga Afrilu ƙasa ta girgiza, bututun ruwa suka fashe, wuta ta yi kwana uku tana ci. Gine-gine kusan 28,000 suka tafi. A wajen titin Van Ness aka tare ta, har da tashin wasu gidaje da nakiya. Unguwannin da ke yamma suka kuɓuta. Amma Hajiya, abin da ya biyo baya shi ke ci mini rai.

Rabi: Muna jin ka.

Aminu: Unguwar Fillmore, nan kusa, cike take da irin gidajen nan. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta kwashe Japanawan wurin zuwa sansanonin tsare mutane. Baƙaƙen fata da suka zo daga kudu aikin ƙera jiragen ruwa suka shiga, suka buɗe shaguna da coci-coci da gidajen kiɗa. Bayan yaƙi sai hukuma ta ce unguwa ta lalace. Daga shekarun 1950 zuwa na 1970 aka rushe gidajen zamanin Biktoriya kusan 2,500, aka tashi dubban mutane.

Sani: Kuma ka duba, a cikin shekarun nan ne, wajen 1963, masu fenti irin su Butch Kardum suka fara rufe launin tokar da ke jikin gidajen da shuɗi da kore. Nan ana ƙawatawa, can katafila na aiki.

Rabi: Subhanallahi. Mutanen da aka tasa fa, sun dawo?

Aminu: An ba su takardar alkawari cewa su ne kan gaba in an gama sabon gini. Filaye da yawa suka yi shekaru a kango. Kafin a gama, wasu sun rasu, wasu sun kafu a birnin Okland da ke maƙwabtaka, wasu kuma kuɗin hayar ya fi ƙarfinsu. Kaɗan ne suka koma.