Rundunar List: Samarin Munik da Sunan Mutum Ɗaya Ya Rufe

Jama'a masu saurare, yau zancen wata rundunar sojan ƙasa ta Jamus zan yi muku, runduna ta 16 ta sojojin ko-ta-kwana na Bavariya, wacce aka fi sani da Rundunar List. Da an ambace ta sai kowa ya ce ai a nan Hitler ya yi soja, shi ke nan an rufe magana, kuma wallahi wannan na ci min rai, don dubban 'ya'yan mutane ne suka shiga cikinta ba su dawo gida ba.

A Munik aka haɗa ta a 1914 da ɓarkewar yaƙin duniya na ɗaya, yawanci sabbin shiga ne, manoma da leburori da 'yan makaranta, horon 'yan makonni kawai aka ba su sai jirgin ƙasa zuwa Lille a Faransa, daga can suka shiga Beljiyam. Ran 29 ga Oktoba aka tura su gaba a ƙauyen Gheluvelt kusa da Ypres, su tunkari sojan Ingila da suka daɗe a aikin suka san bindiga. Ko hular kwano irin ta sojan Jamus ba ta ishe su ba, hular yadi suka sa, to 'yan'uwansu Jamusawa da ke gefe suka hango su suka zaci Ingilishi ne suka buɗe musu wuta, kun ga gaba wuta baya wuta. A wunin nan kaɗai sama da 300 suka mutu. Ran 31 ga wata shi ma kwamandansu Kanar Julius List aka kashe shi, sunansa ne ya bi rundunar.

Daga nan sai zaman rami a Fromelles cikin Faransa, taɓo har gwiwa, ɓeraye, kwarkwata, ruwan sama ya cika ramin ka kwana a tsaye. A Yulin 1916 suna cikin waɗanda suka tare harin sojan Ostireliya, inda cikin dare ɗaya Ostireliya ta yi asarar mutum sama da 5,500 tsakanin matattu da masu rauni da kamammu.

Shi Hitler fa masinja ne na hedikwatar runduna, yana kai saƙo, aikin na da haɗari ba a musu, an ji masa rauni a cinya a fagen daga na Somme cikin Faransa a 1916, amma kwanansa a baya yake, ba cikin ramin gaba ba. Bayan ya hau mulki farfagandar 'yan Nazi ta mayar da tarihin rundunar duka kamar nasa ne shi kaɗai.

Wanda na fi tunawa shi ne Laftanar Hugo Gutmann, Bayahude ɗan Nuremberg, hafsa a rundunar, shi ya ba da shawara a ba Hitler lambar Gicciyen Ƙarfe mai daraja ta ɗaya a Agustan 1918. A 1937 'yan Gestapo, wato 'yan sandan ciki na Nazi, suka kama wannan bawan Allah suka kulle, da ƙyar tsofaffin abokan yaƙinsa suka sa baki aka sake shi. Ya kwashi iyalinsa ya bi ta Beljiyam ya tsallaka Amurka a 1940, ya canza suna zuwa Henry Grant, a can ya rasu a 1962.