Amsoshin Tambayoyinku: Kifin Whitby, a ci ko a bari?

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da Malam da uwargidansa Hajiya suka ba mu labarin zagayen da suka yi a gaɓar tekun Yorkshire, can arewa maso gabashin Ingila, har garin Whitby, wasiƙu suke ta kwararowa, shi ya sa muka sake jawo su yau. Lokacinmu kaɗan ne. Malam, don Allah a taƙaita, na san halinka.

Malam: To, za a yi ƙoƙari.

Mai gabatarwa: Wani bawan Allah daga Damagaram yana tambaya, garin Whitby kusa da Landan yake?

Hajiya: Ina! Wajen kilomita 400 ne a mota. Yana daidai inda kogin Esk yake shiga Tekun Arewa.

Mai gabatarwa: Sai wani mai sana'ar kifi daga Baga, ya ce wai Turawa ma suna banda?

Hajiya: Suna yi sosai. Akwai wani gidan banda mai suna Fortune's a wani ɗan lungu, ƙarƙashin matakalar nan 199 da ake hawa zuwa kangon tsohuwar majami'ar garin. Tun 1872 suke sana'ar, zuri'a ɗaya. Tsaga kifin suke yi gida biyu, su tsoma a ruwan gishiri, su rataye shi bisa hayaƙin itace. Bangon ɗakin ya yi baƙi ƙirin, har maiƙo yake yi. Sai dai nasu ba ya bushewa ƙayau, da laushinsa yake fitowa, sai an sake gasawa, kuma ba ya jure ajiya.

Mai gabatarwa: To ga babbar tambaya. Daga Kano, daga Maraɗi, daga Kumasi, har da ɗalibanmu da ke karatu a Ingila, duk magana ɗaya ce: soyayyen kifi da dankalin nan da ake yayi, da kaguwa, da jatan lande, Musulmi zai iya ci? Malam, bismillah.

Malam: To, kafin a zo nan, ya kamata a san wane irin gari ne. Kyaftin James Cook, wanda ya kai jirgi gabashin Ostiraliya a 1770, a garin nan ya koyi aikin jirgi. An haife shi a 1728, ya fara da tsaron kanti a wani ƙauyen masunta da ake kira Staithes, kantin bai karɓe shi ba, sai ya koma Whitby wajen wani mai jiragen dakon gawayin kwal. Gidan da ya zauna yanzu gidan tarihi ne, mun shiga har ɗakin sama. Jirgin nasa ma, Endeavour, a Whitby aka ƙera shi a 1764, asalinsa na dakon kwal ne, cikinsa shimfiɗaɗɗe, shi ya sa yake iya matsawa kusa da tudu ba tare da...

Mai gabatarwa: Malam, Malam! Jama'a yunwa suke ji, kai kana Ostiraliya. A ci ko kada a ci?

Hajiya: Haka ya yi mini a can, ina tsaye da jaka yana karanta allunan bango.

Malam: To shi ke nan. Kifin kansa ba shi da matsala. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi, duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, kaguwa da jatan lande da babban ɗan'uwansa lobsta duka, kuma ba sai an yanka ba. Hanafawa ne suka tsaya a kan kifi kawai, shi ya sa za ka ga wasu 'yan'uwanmu 'yan asalin Pakistan a can ba sa taɓa kaguwa.

Hajiya: Matsalar tana cikin kasko. Abu biyu ne. Na farko, kafin a soya kifin ana tsoma shi cikin kwaɓin fulawa, to wasu masu sayarwa da giya suke kwaɓawa don ya yi ƙaras-ƙaras. Na biyu, a Yorkshire da yawansu ba da man gyaɗa ko makamancinsa suke suya ba, da kitsen saniya ne, alfahari ma suke yi da shi, kai kuwa ba ka san yadda aka yanka saniyar ba. Wasu kuma a kasko ɗaya suke soya kifi da tsiran naman alade.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda rediyonsa ke shuu. Kifi halal, kaguwa halal a wajen Malikawa. Abin tambaya shi ne: da me aka kwaɓa fulawar, da wane mai aka soya, kuma me aka soya a cikin man kafin naka. Haka ne, Hajiya?

Hajiya: Haka ne. Kuma a daina jin kunyar tambaya. Sun saba, kullum masu cin ganye zalla da masu larura suna yi musu irinta. Mu da muka rasa tabbas a wani shago, kaguwa muka saya, wadda aka dafa a ruwa aka ɓare aka mayar da naman cikin ƙoƙonta. Lemon tsami kawai na matsa.

Mai gabatarwa: Ni dai ra'ayina, wanda ya iya cinikin atamfa awa guda bai kamata tambaya ɗaya ta gagare shi ba. Maganar kitsen kuwa, malamai sun yi saɓani kan yankan ma'abota littafi, kowa ya tuntuɓi malaminsa. Wata baiwar Allah daga Garwa ta ce, ƙasusuwan da kuka tsaya a ƙarƙashinsu a hoto, na giwa ne?

Malam: Muƙamuƙin wel ne, babbar dabbar tekun nan. Daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa shekarun 1830 mutanen garin suna zuwa farautarta har wajen Girinlan, don kitsenta da ake kunna fitila da shi.

Mai gabatarwa: Madalla, yau ka taƙaita. Wani kuma, bai rubuta garinsu ba, a riƙa rubutawa don Allah, ya ce an ce Malam ya ƙi shiga jirgin ruwan yawo. Tsoro ne?

Malam: Hankali ne. A 1861 kwale-kwalen ceto na garin ya kife a cikin guguwa, mutum 12 suka rasu a gaban idon iyalansu. Henry Freeman kaɗai ya tsira, don shi kaɗai ke sanye da rigar da ke hana nutsewa. Na ga tarihin, na ga igiyar ruwa, na ce a sauka lafiya.

Hajiya: A bakin gaɓar ma bai tsira ba. Tsuntsayen tekun nan kamar shirwa suke, ɗaya ta sure masa kifin daga hannu.

Mai gabatarwa: Ka ga wadda ba ta tambayi man da aka soya ba! Lokaci ya kama mu. Mai tambaya kan kuɗin masauki, a yi haƙuri sai mako mai zuwa. A huta lafiya.